Matakai biyar da ke hana ƙwayoyin cuta shiga jini ta bututun babbar jijiya

Majinyacin da ke kwance a sashen kulawa ta musamman yakan buƙaci a zura masa siririn bututun roba cikin babbar jijiyar jini ta wuya, ko ta saman ƙirji, ko ta matsematsi. Ta nan ake ba shi magunguna masu ƙarfi da ƙarin ruwa da abinci, domin bakin bututun yana kaiwa kusa da zuciya.

Sai dai hanyar da magani ke bi ita ce kuma ƙwayoyin cuta ke bi. Waɗanda ke kan fatar majinyaci ko hannun ma'aikaci na iya shiga jini kai tsaye, su haddasa zazzaɓi mai zafi da faɗuwar bugun jini, wani lokaci har da rasa rai.

A shekarar 2001, Dakta Peter Pronovost na asibitin Johns Hopkins da ke Amurka ya tsara jerin abubuwan da dole likita ya cika. Daga baya aka gwada tsarin a sassan kulawa ta musamman 103 a jihar Michigan, bisa matakai biyar: wanke hannu, sanya hula da takunkumi da riga da safar hannu marasa ƙwayar cuta, tare da lulluɓe majinyacin baki ɗaya, goge fata da sinadarin kilohezidin, kauce wa jijiyar matsematsi matuƙar akwai wata, da cire bututun da zarar buƙatarsa ta ƙare.

An kuma ba ma'aikatan jinya ikon dakatar da likita idan ya tsallake wani mataki. Sakamakon da aka wallafa a mujallar New England Journal of Medicine a 2006 ya nuna cewa kamuwa da cutar ta ragu da kimanin kashi 66 cikin 100, kuma ragin ya ɗore tsawon watanni 18.

Kulawar ba ta ƙarewa ranar da aka saka bututun. Ana goge bakinsa kafin kowace allura, ana sauya bandejin da ya jiƙe ko ya ɗaye, kuma kullum likitoci kan duba ko har yanzu ana buƙatarsa.

Masu jinya su ma suna da nasu aikin. Kada su taɓa bututun, kuma su sanar da ma'aikata nan take idan suka ga ja, kumburi ko ruwan mugunya a wurin, ko majinyacin ya fara rawar sanyi.