Bishop ba albashi: mai riƙon amanar unguwa a cocin Mormon

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

 Yau za mu leƙa jihar Yuta a ƙasar Amurka, cibiyar mabiya Ikilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Zamanin Ƙarshe, waɗanda duniya ta fi sani da Mormon. Mutum ɗaya muke son dubawa a cikinsu, wanda suke kira bishop, mu ga abin da ke sa jama'arsa su ce wane kam ya riƙe amana.

Da an ce bishop, hankali kan tafi ga babban malamin coci mai doguwar riga da sandar girma, wanda ya shekara da shekaru yana karatun tauhidi. A wajen Mormon abin ya sha bamban. Ranar Litinin kana iya tarar da bishop ɗinsu yana cire wa wani haƙori a asibiti, ko yana kwance ƙarƙashin mota da sifana a hannu, ko yana koyar da lissafi a sakandare. Ko sisin kwabo ba a biyansa. Magidanci ne daga cikin jama'ar, wanda shugaban shiyya, mai kula da rukunin ikilisiyoyi, ya ba da sunansa, shugabannin cocin a Salt Lake City suka amince, sannan aka karanta sunan ranar Lahadi jama'a suka ɗaga hannun dama alamar goyon baya. Ba a neman kujerar, ba a yi mata kamfe. Yakan riƙe ta kamar shekara biyar, da mataimaka biyu. Mitt Romney, wanda ya yi takarar shugabancin Amurka a 2012, ya taɓa riƙe wannan aiki a wajen birnin Boston.

Cocin yana raba mabiyansa ne unguwa-unguwa, kowa da inda iyakar gidansa ta faɗa, mutum 'yan ɗaruruwa a kowace ikilisiya. Saboda haka bishop ya fi kama da mai unguwa a wajenmu: maƙwabcinka ne, kuna haɗuwa a kasuwa, 'ya'yanku aji ɗaya suke. Ko wa'azin Lahadi ba shi ke yi kullum ba, 'yan ikilisiya ne ke karɓa-karɓa, maza da mata har da matasa. Ke nan iya magana ba ta cikin manyan abubuwan da ake auna shi da su.

To da me ake auna shi? Tarihi ya ba da amsar farko. An kafa cocin a 1830, a watan Fabrairun 1831 kuma aka naɗa bishop na farko, Edward Partridge, mai sana'ar yin huluna. Na biyu, Newel K. Whitney, mai kanti ne. Aikin da aka damƙa musu shi ne lura da dukiyar jama'a da kula da matalauta, kuma har yau nan ne gwajin yake.

Ga yadda abin ke gudana. Ranar Lahadi ta farko a kowane wata mabiya kan yi azumi, su tsallake abinci sau biyu, su ba da kuɗin abincin sadaka. Wannan daban yake da ushiri, kashi ɗaya cikin goma na abin da mutum ya samu. Sadakar azumin ce bishop ke da ikon taɓawa domin mabukata. A ce magidanci ya rasa aiki, haya ta taru, gida ba abinci. Bishop zai zauna da shi, ya fara tambaya: me kake iya yi da kanka, me dangi za su iya? Shugabar zumuntar mata, ƙungiyar da aka kafa tun 1842, za ta iya shiga gidan ta zauna da uwargida, su lissafa abin da ya ƙare: gari, madara, man girki, sabulu, ƙunzugun jariri. A cike takarda, bishop ya amince, a je rumbun bishop, wani kanti da ba a karɓar kuɗi a cikinsa, a ɗebo kayan. Haya kuwa, bisa ƙa'ida mai gidan ake biya kai tsaye. Tun 1936, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, cocin ya tsara wannan shiri.

Ƙa'ida ke nan a takarda. Amma mutumin da ya fi bukata sau da yawa shi ne wanda kunya ba za ta bar shi ya ƙwanƙwasa ƙofar ofis ba. Bishop nagari shi ne wanda ya lura cewa wance ta daina zuwa mako uku, ko yaron gidan wane takalminsa ya mutu, ya je da kansa tun kafin a roƙe shi, ya kuma yi taimakon yadda ko maƙwabci ba zai ji labari ba. Thomas S. Monson, wanda ya shugabanci cocin daga 2008 zuwa 2018, yana da shekara 22 kacal aka ba shi bishop a 1950, a wata unguwar talakawa ta Salt Lake City mai mutum sama da dubu, cikinsu har da mata fiye da tamanin da mazansu suka rasu. Lokacin Kirsimeti yakan ɗauki hutu daga wajen aikinsa ya bi su gida-gida da 'yar tsaraba, ya ci gaba da haka shekaru bayan ya sauka. Har yau in ana zancen bishop na ƙwarai, shi Mormon ke fara kawowa.

(GAJEREN KIƊA)

Masu sauraro, yanzu mu zo inda nauyin ya fi yawa, wato bayan an rufe ƙofar ofis. Bishop ne ke sauraron mai tuba. Shi ke tantance wanda zai sami takardar shiga haikali. Gabansa ake kawo auren da ke tangal-tangal, da saurayin da ƙwaya ta kama, da matar da baƙin ciki ya hana barci. Ku tuna fa, mutumin nan jiya-jiya makanike ne, ba wanda ya koya masa aikin likitan ƙwaƙwalwa ko na lauya. A ganina a nan ake gane na kirki. Yana da kunnen saurare, yana da cikin da ke riƙe sirri har matarsa ba ta ji, kuma ya san inda iliminsa ya tsaya. In ciwon na asibiti ne, ya ce a tafi asibiti. Cocin na da sashen masu ba da shawara da suka karanci aikin, kuma bishop na iya biyan kuɗin ganinsu daga sadakar azumi. Wanda ya ɗauka naɗin da aka yi masa ya mai da shi masanin komai, zai yi ɓarna ko da niyyarsa fara ce tas.

Wannan ba zancen shaci-faɗi ba ne. Iyaye da dama sun koka kan yadda ake keɓewa da yara a yi musu tambayoyi kan tsarkin rayuwa, kuma a 2018 cocin ya fito da ƙa'idar cewa duk wanda za a gana da shi yana iya neman wani babba ya zauna a ɗakin. A 2022 kamfanin dillancin labarai na AP ya buga bincike kan wani uba a jihar Arizona da ya shaida wa bishop yana lalata da 'yarsa, ba a kai maganar ga hukuma ba, cin zarafin ya ci gaba shekaru. Cocin ya musanta yadda rahoton ya bayyana rawar da ya taka. Ko ma yaya aka yi, ni dai ina nan kan cewa rufin asirin da zai bar yarinya a hannun mai cutar da ita ya tashi daga amana, kuma bishop ɗin da ya cancanci sunan dole ya sa tsaron yaron a gaba.

Wannan kujera ba kowa ke iya hawanta ba a da. Sai a watan Yunin 1978 cocin ya ɗage haramcin da ya hana baƙaƙen fata muƙaman firistoci, har da na bishop, haramcin da ya ci zarafin mutane tsawon fiye da ƙarni guda. A ƙarshen shekarar masu wa'azinsa suka iso Nijeriya da Gana. An kafa shiyya ta farko a Aba a 1988, aka buɗe haikali a can a 2005, kuma yau 'yan ƙasa ne ke riƙe da ikilisiyoyinsu, malaman makaranta da 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati.

Sauran abu guda, iya raba aiki. Daga 2018 shugabannin cocin suka sauke wa bishop wasu ayyuka suka miƙa wa shugabannin maza da na mata, domin ya fi mai da hankali kan matasa. Wanda ya ƙi sakin ragama, komai sai shi, gidansa ne ke biyan kuɗin: matarsa na zaune ita kaɗai da yara a benci, shi yana kan dandamali, da dare kuma waya ba ta barinsa. In wa'adinsa ya cika, shugaban shiyya ya sanar, jama'a su ɗaga hannu alamar godiya, a naɗa wani maƙwabcin. Shi kuma a ba shi wani aikin, wataƙila koyar da ajin yara, ƙarƙashin mutumin da jiya shi ke ba shi umarni.

Nan za mu dasa aya a shirin namu na yau. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa, a huta lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)