Sinadarin da ke tsayar da tsiro

Duk mai sayar da mangwaro a kasuwar Pitowa ya san dabarar: a tsinko shi ɗanye, a rufe a kwali, kwana kaɗan ya yi ja. Iskar etilin da mangwaron ke fitarwa ce ke nunar da shi, haka ma ayaba. Daga nan mutane suka ɗauka kowane ɗan itace haka yake, har za ka ji mutum ya sayi inabi mai tsami a Garwa ya ce bari ya ajiye ya nuna. Ba zai nuna ba! Ko ya shekara a kwali, yamushewa zai yi. Inabi a jikin uwarsa yake samun zaƙi, ranar da aka yanke shi an yanke masa hanya.

Ƙwayar inabi girma biyu take yi. Da fari tana kumbura, kore shar, ga tauri ga tsami, sinadaran oksin da jibarelin na tura ta. Sai ta tsaya cak na wani lokaci. A ƙarshen wannan tsayuwa oksin ya ja baya, wani sinadari mai suna ABA ya hau, sukari ya kwararo daga ganye, fata ta yi laushi ta sauya launi.

Wannan ABA shi ne ya fi burge ni, kuma manomin Pitowa yana da haƙƙi a kansa, domin a jikin auduga aka gano shi. A 1963 ne Frederick Addicott da abokan aikinsa a Kalifoniya suka tace shi daga ƙananan 'ya'yan auduga, irin wadda kamfanin SODECOTON ke saye a ƙauyukan Binuwai. Suna neman abin da ke sa 'ya'yan su kakkaɓe tun ba su ƙosa ba. Daga baya aka gane kakkaɓewar galibi aikin etilin ne. Aikin ABA ya fi wannan girma. Idan damina ta yi fashi ƙasa ta bushe, shi ke rufe ƙananan ƙofofin ganye don kada ruwa ya tsere. Shi ke hana ƙwayar dawa tsira tun tana kan zangarniya. Ba don shi ba, da ruwan ƙarshen damina ya tsirar da hatsi kafin ya ga rumbu.

Audugar ba ta tsaya nan ba. A 1966 aka samo wani sinadari, sitirigol, a saiwarta. Shi ke tayar da irin ƙuduji da ke kwance a ƙasa. A gonar auduga sai ya tsira, ya rasa dawar da zai kama, ya mutu. Shi ya sa gonar da aka juya da auduga ƙudujinta ke raguwa. Sai a 2008 aka tabbatar dangin wannan sinadari homon ne, mai hana tsiro yin rassa barkatai.