Kabewar Da Ba Ta Ruɓewa: Gina Kayan Miya Da Yumɓu

Mu da muka tashi a ƙauyukan Buji, daga Gantsa zuwa kewaye, mun saba ganin tulu da randa, har ba ma kula da siffarsu. Ku dubi butar ƙasa da kyau: tumbi zagayayye, wuya siriri. Ai gora ce, wato ɗiyan duma. Magina tukwane sun daɗe suna kwaikwayon abin da gona ta haifa.

A wasu ƙasashe abin ya zama sana'a mai tsada. A Ingila, wajen 1759, Josiah Wedgwood ya haɗa wani koren shafe mai ƙyalli, aka riƙa yin butocin shayi masu kama da farin kabeji. A Fotugal kuma, masana'antar da Bordalo Pinheiro ya kafa a 1884 har yau tana sayar da farantai masu siffar ganyen kabeji. Mu kuwa robobi sun cika mana gida, yara na jin kunyar a gan su da yumɓu a hannu, alhali hoton magina Ladi Kwali ne a bayan naira 20.

In za ku gwada, ku fara da kabewa, don tsagoginta suna da sauƙin fitarwa. Ku ajiye ta gaske a gabanku, ku ƙirga tsagogin, ku lura da yadda gindin ya lotsa. Kada a dunƙule yumɓun kamar tuwo. Dole cikin ya zama fanko, a kuma huda ɗan rami a ƙasa, in ba haka ba tururin da ya maƙale zai fasa aikin a wuta. A shanya a inuwa, ba a rana ba, kuma zai ɗan tsuke in ya bushe.

Launi ne mai wuyar. Jan tattasai da koren kuɓewa masu sheƙi sai da shafen gilashi da tanderu mai zafin da ya kai digiri 1,000, irin na sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Gashin kara da itace ba ya kaiwa nan. Amma jar ƙasa da aka dama, aka shafa, aka goge da sulɓaɓɓen dutse kafin gashi, tana ba da launin albasa sak. Gauta da attarugu kuwa a yi musu fenti bayan sun huce.

Ranar gashi ku nemi wata maginiya a unguwa ta sa aikinku cikin tukwanenta, don ita ta san ƙarfin wutar.