Wasan Yaƙi na Kan Tebur: Misali daga Yaƙin Basasar Amurka

1. Gabatarwa

A Ingila da Amurka akwai wani wasa da manya suke yi da ƴan ƙananan mutum-mutumin sojoji na dalma ko na roba. Ana jera su a kan babban tebur da aka shirya kamar fagen daga, da tuddai da gonaki da shingaye, sannan ɓangarori biyu su sake buga wani yaƙi na tarihi bisa rubutattun dokoki. Wannan muƙala za ta dubi yadda ake yin haka da yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, wanda ya ci rayuka fiye da 600,000. Abin da za a nuna shi ne, dokokin wasan ra'ayi ne game da tarihi: duk wanda ya rubuta su ya riga ya yanke hukunci a kan abin da ke sa runduna ta ci nasara ko ta watse.

2. Asalin wasan

Daga hannun sojoji wasan ya fito. A shekarar 1824 wani hafsan sojan Purusiya mai suna Reisswitz ya buga dokokin wani wasa da ake kira Kriegsspiel, wato wasan yaƙi da Jamusanci, bayan ya gyara abin da mahaifinsa ya fara. A kan taswira ake yin sa, kuma akwai alƙali wanda shi kaɗai ya san inda rundunonin kowane ɓangare suke. Bayan Purusiya ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sojojin ƙasashe da yawa suka kwaikwayi wannan hanyar horo.

Marubucin Ingila H. G. Wells ne ya fitar da shi daga bariki zuwa ɗakin gida, da littafinsa Little Wars na 1913. A wasansa ƴar igwar wasa ake ɗanawa a harba, duk sojan da ya faɗi ya mutu ke nan. Daga baya, musamman bayan littafin War Games na Donald Featherstone a 1962, ƙwaya irin ta ludo da abin awo suka zama ginshiƙin wasan.

3. Ma'auni da shimfiɗar fili

Matsala ta farko ita ce girma. A Gettysburg, daga 1 zuwa 3 ga watan Yuli na 1863, sojoji fiye da 150,000 ne suka gwabza, kuma babu teburin da zai ɗauki mutum-mutumi masu wannan yawa. Saboda haka ake wakilci. A dokokin Fire and Fury da Rich Hasenauer ya fitar a 1990, ana manna ƴan sojoji kaɗan a kan ɗan falle ɗaya, fallen ya wakilci mutum 150 ko 200. Inci ɗaya na tebur yana daidai da yadi 45 ko 60 na ƙasa, zagaye ɗaya na wasa kuma rabin sa'a ne.

Idan aka ɗauki babban ma'aunin, sai a ga abin mamaki. Farmakin da ake kira na Pickett, ranar ƙarshe a Gettysburg, mutum kusan 12,500 ne suka ratsa buɗaɗɗen fili mai tsawon fiye da kilomita ɗaya. A kan tebur wannan ya koma falle sittin da ƴan kai, tazarar kuwa ba ta wuce santimita 55 ba. Amma shi ɗan sojan, tsayinsa milimita 15 ne, kuma da za a auna shi da ma'aunin filin da yake tsaye a kai, da tsayinsa ya haura mita 30. Wannan ne ya sa gida ɗaya a tebur yake wakiltar gona da dukkan gine-ginenta, bishiya biyar kuma su zama kurmi. Ido yana ganin abu ɗaya, doka tana nufin wani.

Kayan shirya filin ba su da tsada. Ana shimfiɗa koren ƙyalle, a yanka tuddai daga farin soson nan da ake naɗe kayan lantarki, a yi shinge da tsinken ashana, a yanka tabarmar goge ƙafa ta zama gonar alkama. Sai dai waɗannan abubuwa ba ado ba ne. Kowane yana da hukuncinsa a cikin doka. Shingen katako yana rage tafiya, kamar yadda shingayen hanyar Emmitsburg suka tsayar da mutanen Pickett a ƙarƙashin ruwan harsashi. Katangar dutse tana rage ɓarnar harbi ga wanda ya fake bayanta. Gonar masara da kurmi suna tare gani. A Antietam, ranar 17 ga Satumba na 1862, wata hanyar karkara da kekunan shanu da ruwan sama suka zaizaye ta zama rami ga sojojin Kudu, suka riƙe ta sa'o'i, har sai da aka samu inda za a harbe su ta gefe, ramin ya koma kabarinsu. Mai shirya teburin Antietam da ya manta lanƙwasar wannan hanya ya ɓata yaƙin tun ba a fara ba.

4. Dokoki da matsalar sani

Harbi shi ne abu mafi sauƙin tsarawa. Bindigar wancan zamani ta baki ake ɗura ta, gwani yana harbi kamar sau uku a minti. Ana auna tazara, a ƙirga fallayen da ke harbi, a jefa ƙwaya, a duba jadawali. Abin da ya fi wuya shi ne zuciyar soja da isar umarni. Rundunoni ba safai ake kashe su ƙarƙaf ba. Gajiya da tsoro da mutuwar hafsoshi ke sa su juya. Shi ya sa a Fire and Fury mai wasa ba ya motsa birged yadda ya ga dama. Sai ya jefa ƙwaya mai fuska goma tukuna, kuma sakamakon yana iya cewa ta tafi, ko ta yi jinkiri, ko ta ja da baya. A dokokin Johnny Reb na John Hill, waɗanda suka fito a 1983, kowa yana kife alamar umarninsa kusa da rundunarsa, sannan a buɗe tare, ta yadda babu mai ganin motsin abokin gaba kafin ya yanke nasa.

Sabon ɗan wasa yakan ji haushin irin waɗannan dokoki, don sun hana shi iko. Amma a nan ne wasan ya fi kusa da gaskiya. Mai wasa yana tsaye bisa tebur yana ganin komai kamar shaho, alhali janar na 1862 hayaƙin albarushi yake gani, umarninsa kuma a hannun mahayin doki yake, wanda yana iya ɓata hanya ko a harbe shi.

Har ila yau, mai wasa ya karanta tarihi. A Antietam, Janar McClellan na Arewa yana da sojoji kusan ninki biyu na Janar Lee, amma ya ɗauka Lee ne ya fi shi yawa, don haka ya riƙe dubban sojoji a baya bai sa su ba. Duk wanda aka ba matsayin McClellan a tebur ya san gaskiyar lissafin, zai tura kowa gaba ɗaya tun da safe, wasan ya ƙare da wuri. Masu tsara wasa sukan ɗaure masa hannu, su ce runduna kaza ba za ta motsa ba sai ƙarfe kaza. Wasu kuwa suna ganin hakan tilasta wa mutum maimaita kuskuren wani ne, sun fi son a koma ga tsarin Reisswitz, a ɓoye rundunoni, a bar alƙali ya riƙa ba kowa labari, wani lokaci ma labarin da ba daidai ba. Hanya ta biyu ta fi ma'ana, domin tana sa mai wasa ya ji shakkar da ta kama McClellan, maimakon a hana shi motsi kawai.

Akwai kuma abin da babu dokar da ta ɗauke shi. Tebur yana daidaita ɓangarorin biyu, masu shuɗin kaya da masu ruwan toka, kowa da ƙwayarsa da jadawalinsa. Dalilin yaƙin ba ya bayyana, wato bautar da mutum kusan miliyan huɗu suke ciki a 1860. A lissafin wasa, Antietam kusan canjaras ne: mutum kamar 23,000 aka kashe ko aka raunata ko suka ɓace a yini ɗaya, Lee ya janye da rundunarsa ba a murƙushe ta ba. Amma janyewar ce ta ba Shugaba Lincoln damar da yake jira, kwana biyar bayan yaƙin, ranar 22 ga Satumba, ya yi shelar cewa daga 1 ga Janairun 1863 bayin da ke jihohin tawaye sun zama ƴantattu.