Wa Zai Biya Kuɗin Horar da Ma'aikaci?

Duk wanda ya taɓa zama da masu masana'antu a Sharaɗa ko Bompai cikin Kano ya san abin da ke fitowa daga bakinsu da zarar an kawo maganar tura ma'aikaci kwas. Sai ka ji mai kamfani ya ce, "In kashe kuɗina in koya wa yaro aikin sabon inji, ranar da hannunsa ya faɗa maƙwabcina ya ƙara masa 'yan kuɗi ya ɗauke shi?" Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai in kowa ya riƙe wannan hujja, ba wanda zai horar da kowa. Ranar da inji ya tsaya, sai a zauna jiran gwani daga Legas ko daga waje, a biya masa kuɗin jirgi da na masauki, leburori kuwa suna zaune a inuwa.

Wannan tsoro ne ya sa gwamnatoci suka shigo tsakani da tsarin raba nauyi, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Kanada, alal misali, an ɓullo da wani tallafi a 2014 inda gwamnati ke ɗaukar kashi biyu bisa uku na kuɗin horo, har zuwa dalar ƙasar 10,000 kan kowane ma'aikaci, mai kamfani ya cike ragowar. Shi ne ke zaɓen wanda za a horar da kuma fannin da yake bukata.

Nijeriya ta bi wata hanya dabam, kuma tun da daɗewa. A 1971, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, aka kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, mai hedikwata a Jos. Lokacin ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, ana kuma shirin mayar da ragamar kamfanoni hannun 'yan ƙasa, alhali ƙwararru sun yi ƙaranci. A yau doka ta ɗora wa kamfanoni zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a shekara cikin asusun. Gyaran da aka yi wa dokar a 2011 ya haɗa har da mai ma'aikata 5, amma dokar sauƙaƙa kasuwanci da aka sa wa hannu a 2023 ta mayar da adadin zuwa 25.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kuɗin nan ba duka suke tafiya ba. Kamfanin da ya horar da ma'aikatansa yana da damar neman a mayar masa da har rabin abin da ya zuba. A ce albashin ma'aikatanka a shekara ya kai naira miliyan 60. Za ka biya naira 600,000. In ka horar da su yadda aka tsara, naira 300,000 na iya dawo maka. Maƙwabcinka da ya ƙi horar da kowa shi ma ya biya nasa, amma ko sisi ba zai gani ba. Hikimar ke nan: mai jiran a dafa ya ɗauke, shi ma an sa shi ya kawo itace.

Sai dai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kamfani ne zai fara kashe kuɗinsa, kuma tun kafin a soma horon ake kai wa hukumar ITF tsarinsa ta amince. Bayan nan a adana rasit, da sunayen waɗanda suka halarta, da takardun shaidar kammalawa. Nan ne kamfanoni da dama ke tuntuɓe. Wasu sun yi horon amma ba takarda ko ɗaya. Wasu kuma abin da ya dame su kawai shi ne takardar shaidar biya, domin sai da ita ake shiga neman kwangilar gwamnatin tarayya. Da sun karɓe ta, sun manta da sauran.

Tsarin yana da giɓi. Bakanike a gareji, da tela, da mai walda a bakin titi, waɗanda su ne suka fi kowa yaye yara a sana'a, ba su cikin wannan lissafi na mayar da kuɗi, don ba su kai adadin ba, yawancinsu ma ba su da rajista.

Amma kai da ke aiki a kamfanin da ya kai ma'aikata 25, ka sani da albashinka aka lissafa abin da aka zuba. Kai da shugabannin ƙungiyarku kuna da bakin tambayar ofishin kula da ma'aikata: ina tsarin horon bana, kuma su wa ke ciki? Mai kamfani kuma ya tambayi akantansa, yaushe rabon da a nemo masa rabin nan nasa?