Bayan tafiyar Shoprite: me zai mayar da uwargida kantin Ado Bayero?

Duk uwar da ta taɓa kwasar yara daga Gezawa zuwa birni yawon Sallah ta san yadda tafiyar take. A shiga mota har 'Yankaba, a sauka, a yi cinikin Adaidaita Sahu zuwa titin Gidan Zoo, ga na goye, ga na hannu, ga 'yar maƙwabta da ta kafe sai an je da ita. Kusan shekara goma, ƙarshen tafiyar nan wuri ɗaya ne, wato katafaren kantin nan na Ado Bayero Mall, wanda da wuya ki ji mai kiransa da sunansa. Kowa Shoprite yake cewa.

A 2014 aka buɗe wurin, shekarar da Allah ya yi wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero rasuwa. A watan Janairun 2024 kuma Shoprite ta rufe reshenta na Kano, tana kuka da yanayin kasuwanci. Dama tun 2021 kamfanin na Afirka ta Kudu ya sayar wa wasu 'yan Najeriya harkarsa ta ƙasar nan. Ginin bai rufe ba, shagon da ya fi kowanne girma ne ya fita. To amma a irin wannan kanti, fitar babban shago kamar ɗauke rumfar hatsi ne daga kasuwar ƙauye. Mai takalmi da mai turare da mai sayar da waya duk sun kama haya ne da sa ran wadda ta zo sayen kayan abinci za ta gifta ta ƙofarsu. Bayan kowane ɗan shago a nan akwai yaran shago, masu shara, masu gadi, da 'yan Adaidaitan da ke jira a bakin ƙofa, kuma kowannensu akwai tukunyar da ke jiransa a gida.

Mu faɗa wa juna gaskiya, 'yan uwana mata. Sau nawa muka yi cefanen wata a wurin? Ni dai abin da nake fitowa da shi bai wuce burodi biyu da askirim na yara ba, sai hotuna cike da waya. Mun sha sanyi, yara sun tura keken zuba kaya babu komai a ciki, mun koma gida da labari. Shinkafa da sukari da taliya kuwa suna Singa, kayan miya suna 'Yankaba, atamfar Sallah tana Kwari, gero da dawa suna rumbu ko kasuwar garinmu. Mun cika wurin da ƙafa, aljihunmu yana wani waje.

Ba rowa ba ce ta jawo haka. Irin cinikin ne bai dace da yadda kuɗi ke shigowa gidajenmu ba. Maigida kullum yake ba da kuɗin cefane, na yau daban, na gobe sai Allah ya kai mu. A kasuwa kina iya sayen man gyaɗa rabin kwalba, barkono ƙulli ɗaya, gero kwano ɗaya. Ki taya, a ce albarka, ki ƙara kaɗan a sallama, a yi miki gyara. In kuɗin bai cika ba, mai kayan ya san mijinki, ya san gidanku, sai kasuwa mai zuwa. A kanti kuwa farashi a manne yake, na'ura ba ta san taya ba, ba ta san gyara ba, ba ta kuma san cewa ke 'yar wane ce ba.

Sai kuma 2023 ta zo da nata. A ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati zuwa sama da 500. Bayan 'yan makonni aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,000 a farkon 2024. Kantin da wasu kayansa sai da dala ake shigo da su, wanda kuma dole ya yini da janareta don firji da na'urar sanyaya wuri, ta ina zai yi araha? Mu kuma kuɗin motar zuwa da dawowa kaɗai ya isa ya ci abin da aka ware don sayayyar.

Don haka duk wanda ya gaji wannan fili, ɗan gida ne ko baƙo, tambaya ɗaya ce a gabansa. Me zai sa mace ta zo ranar Talatar da ba Sallah ba?

A ganina amsar tana ga abin da muka dogara da shi a nan karkara. Gezawa da ƙauyukanta, Jogana, Wangara, Babawa, Tsamiya Babba, ƙasa ce da gona ke manne da gona, kusan babu tafin hannun da ba a nomawa. Gyaɗa, wake, gero, dawa. A cikin gidaje mata ke mayar da su man gyaɗa, ƙuliƙuli, daddawa, garin kunu, garin ɗanwake, yaji. Matar birni mai zuwa aiki, wadda ba ta da lokacin surfe da daka, tana neman waɗannan kaya a tsaftace, kuma za ta biya. Yanzu ta WhatsApp take nemansu, ko ta aiki direba. Me zai hana a ware wani sashe na kantin, a yanka shi ƙananan tebura, a bayar haya na mako ko na wata maimakon na shekara? Ƙungiyar mata goma masu adashi ba za ta iya kama shago ba, amma za ta iya kama tebur ranar Asabar da Lahadi. Ranar da kayan ƙanwata ke kan teburin nan, zan je, dangin mijinta ma za su je, kuma ba hoto kaɗai za mu ɗauka ba.

Abin ba zai zo da sauƙi ba, kada in yi miki daɗin baki. Kayan abincin da aka ɗura a roba ko leda aka liƙa masa suna, babban kanti ba ya ɗora shi a kanta sai da lambar NAFDAC, kuma samun lambar yana buƙatar rajistar sana'a da wurin aiki mai tsafta da za a zo a duba. Man da aka matse a tsakar gida kusa da turken awaki ba zai wuce ba. Ga shi kuma wasu kantunan ba sa biya nan take, sai kaya ya shige. Macen da jarinta bai fi na tiya biyar ta gyaɗa ba, in aka riƙe mata kuɗi wata guda, sana'ar ta tsaya ke nan. Shi ya sa na fi son tebur, inda mai kaya ko 'yarta babba za ta karɓi kuɗinta a hannu, kafin a kai ga maganar kanta.

Abu na biyu shi ne a sa wa wurin abin da dole ke kai mutum. A Amurka, inda irin waɗannan kantuna da yawa suka mutu bayan manyan shagunansu sun fice, an mayar da wasu asibitoci, wasu makarantu, wasu ofisoshi. A nan ma da za a samu ɗakin rigakafin yara, wurin gwajin ido, da inda ake rajistar katin ɗan ƙasa duk a inuwa ɗaya, ga banɗaki mai ruwa, ga wurin sallar mata, ga kujerar da za a zauna a ba jariri nono, da uwa ta haɗa buƙatu uku a kuɗin mota ɗaya. Wannan ne abin da kantin ya fi Kwari da Singa da shi. Duk wadda ta taɓa kutsawa layukan Kwari da ciki wata bakwai a watan azumi ta san darajar inuwa da wurin zama.

Wasu za su ce hakan zai zubar da ajin wurin, ya koma kasuwa. Ni ban ga aibu ba. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, fiye da shekara 500, ba ta taɓa dogara da shago ɗaya ba.

Da Sallar da ta wuce autana ya tambaye ni ko za mu je Shoprite. Na lissafa mu shida, mota biyu zuwa, mota biyu dawowa, na ce masa a bana gidan kakarsu za mu. Ƙanwata da ke zaune tana ɗura man gyaɗa a kwalabe ta ce in dai akwai inda za ta ajiye kwalaben nan a can, ita za ta biya mana motar.