Sana'ar Mayar da Majinyaci Kan Aikinsa: Inda Ake Karatunta da Abin Lura Kafin a Biya Kuɗi

A Madawa, Buza da Keita, da wuya ka shiga unguwa ba ka tarar da wanda jinya ta bari da rauni ba: dattijon da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, ɗan kabu-kabu da ya karye a kan babbar hanyar Ƙonni zuwa Maraɗi, ko yarinyar da ta faɗa murhu lokacin sanyi. Likita ya yi nasa, an sallame su, amma a gida wani ke ba su abinci a baki, wani ke riƙe musu buta. Akwai sana'ar lafiya da aka keɓe domin wannan giɓi, ita ce ergoterapi, kuma masu ita ba su da yawa a ƙasarmu Nijar.

Mai gashin ƙashi, wato kine, yana dawo wa gaɓoɓi da ƙarfi da motsi. Mai ergoterapi kuwa tambayarsa ita ce: me kake yi da hannunka kafin ciwo, ta yaya za ka koma yinsa? Idan yatsun tsoho sun kasa riƙe cokali, sai ya naɗe ƙotar da roba ta yi kauri, ya koya masa sa riga ta hanyar fara cusa hannun da ya shanye. Idan yaro ya ƙone a tafi, sai ya yi masa madogari da zai riƙe yatsun a buɗe, domin in aka naɗe hannun a dunƙule, haka zai warke a dunƙule, sai an yi tiyata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka iyali kada su jira watanni suna cewa jiki zai dawo da kansa. Ga masu neman taimako, asibitin Galmi, da mishan SIM ta buɗe a 1950, yana kusa da mu. Akwai cibiyar Danja kusa da Maraɗi mai kula da masu kuturta, da asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a 2010.

To, ɗalibin da ya ci jarrabawar bak, ko ma'aikacin jinya mai son ƙaro ilimi, ina zai dosa? Matakin farko shi ne digiri ko difloma ta sana'ar kanta. A Najeriya akwai Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, da makarantar tarayya ta wannan fanni a Oshodi, Legas. Jami'ar Ghana ta fara nata digirin a 2012. Da Ingilishi ake karatu a duk waɗannan. Mai Faransanci zai iya duba Tunisiya da Maroko, ko Faransa inda ake shekara 3 kafin a samu diflomar gwamnati.

Bayan an yi aiki an goge, sai masta. Jami'o'in Cape Town, Stellenbosch da Wits a Afirka ta Kudu suna bayar da masta da dakta a fannin. A nan mutum ke zaɓen ɓangare: yara, tiyatar hannu da ƙuna, ciwon jijiya da ƙwaƙwalwa, taɓin hankali, kayan taimako irin keken guragu, ko kula da naƙasassu a cikin ƙauyukansu. Mai niyyar dawowa yankinmu na Adar ya dubi abin da ke damun Adar. A asibitin Madawa, inda ƙungiyar MSF ta daɗe tana jinyar yara masu tamowa, buƙatar ƙwararren yara a fili take, domin yaron da ya farfaɗo yakan makara wajen zama da tafiya da magana, kuma wasa da motsa shi suna cikin magani. A ƙauyukan Buza da Keita masu nisa da kwalta, wanda ya iya horar da iyaye da kafintan gari su haɗa kujerar yaro mai raunin ƙwaƙwalwa ya fi mai jiran na'urar da ba za ta iso ba.

Sai dai a yi hattara. Ƙungiyar masu wannan sana'a ta duniya, WFOT, da aka kafa a 1952, tana da jerin makarantun da ta amince da su a shafinta na intanet, kuma ƙa'idarta ita ce ɗalibi ya yi aƙalla awa 1,000 yana aiki da majinyata a ƙarƙashin kulawa. Saboda haka duk wanda ya tallata maka kwas ɗin wata 3 ta WhatsApp, ya ce za ka fito ƙwararre, kuɗinka kawai yake so. Kafin uba ya sayar da albasar shekara ko ya jinginar da gona, a tabbatar da abu 3: hukumar ƙasar da makarantar take ta yi mata rajista, ma'aikatar ilimi mai zurfi ta Nijar za ta karɓi takardar, kuma akwai asibitin da ɗalibai ke koyon aiki. Zancen tallafin karatu a kai shi hukumar ANAB kai tsaye, kada a bi ta hannun dillali. A kuma sani cewa masta a wani fanni, ko da na lafiya ne, ba ya mayar da mutum mai ergoterapi idan bai yi karatun tushe ba.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, amma cika wannan alkawari sai da ma'aikata. Magadan gari da ƴan kasuwarmu da ke Kano, Legas da Abijan za su iya ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya daga kowace gunduma, da sharaɗin rubuce cewa zai dawo ya yi wa asibitin gundumarsa aiki.